Binnen Malam

Shekara arba'in da ɗaya na yi a gidan Malam, kuma a duk tsawonsu ban taɓa cin gardama da shi ba in dai a kan ruwan sama ne. A kan sauran al'amura nakan ci, don ni Tani Allah bai yi ni da haƙurin baki ba. Amma in ya ɗaga kai ya dubi gabas ya ce jibi, to ka kwashe shanyarka jibi.

Nan Dudunni, ta ƙasar Kusada, da binne aka san shi. Shi ba ya jiran ruwa ya sauka kafin ya yi shuka. Tun ƙasa tana busasshiya zai saɓi sungumi, ya sare gonar layi-layi, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. Sai mu dawo gida mu zauna. Ranar da ruwan fari ya sauka, wasu suna neman inda suka jefa sungumansu, mu hatsinmu ya riga ya fara tsaga ƙasa. Binne caca ce, in ruwa ya yi jinkiri iri ya tafi a banza, amma Malam bai taɓa faɗuwa ba.

Asirinsa wani tsohon gawo ne a tsakiyar gonarmu ta gado. Gawo itace ne mai taurin kai irin na Malam: da rani, lokacin da kowane itace ya bushe, shi yake yin kore shar, in damina ta matso kuma sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara. Kowa ya san haka. Abin da Malam ya fi kowa shi ne ya san nasa gawon kamar yadda ya san tafin hannunsa. Ranar da ganyen ƙarshe ya faɗi, daga ita yake ƙirga kwanakinsa.

Yaƙin kuwa ba mu san masu yinsa ba, su ma ba su san da mu ba. A rediyo muka ji manyan ƙasashen duniya sun jefi juna da makaman nukiliya, birane fiye da ɗari suna ci da wuta. Ina tankaɗe a lokacin. Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da tankaɗena, don me ya haɗa Dudunni da su? Bayan 'yan kwanaki waya ta daina shiga. Tashoshin rediyo suka dinga yin shiru ɗaya bayan ɗaya.

Sai wata safiya rana ta fito kamar tsohon farantin tasa, kana iya zuba mata ido har ka gaji. Da tsakar rana ma gari kamar an kusa magariba. Mutum ya tsaya a fili ba shi da inuwa, har liman ya daina auna azahar da la'asar da ƙafa, aka koma dogaro da wani tsohon agogon ladan. Wannan fa a tsakiyar bazara ne, lokacin da ya kamata a ce ana kwana a tsakar gida ana fifita. Maimakon haka sai sanyi, irin wanda tsofaffinmu ba su taɓa ba da labarinsa ba. Man gyaɗa ya daskare a kwalba, ruwan randa yana cizon haƙori. Muka ce kwana bakwai zai yi ya wuce. Ga shi muna cikin shekara ta biyu.

Daminar farko gawo ya makara, amma ya kakkaɓe, kuma ruwa ya sauka, sau uku kacal. Na farkon baƙi ne, ya bar zane a jikin katanga da duk tufar da ya taɓa. Hatsi ya fito, ya kai gwiwa, ya yi rawaya, ya tsaya nan yana kallonmu. Ko kai ɗaya bai fitar ba. Dawa haka, wake ko fure bai yi ba. Fetur ya ƙare, famfon sola na bakin masallaci ya koma ɗiga kamar hawaye, shanun Fulani suka dinga faɗuwa a kan hanya. Sai tari ya shigo gari, ya fara da tsofaffi da jarirai, daga baya ya daina zaɓe. Shi ya ɗauke Sumaiya, matar ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa, Babba muke ce masa. Bayan an yi arba'in ɗinta Babba ya ce ya ji ana samun rogo a kudu, zai je ya dawo cikin wata guda. Wata tara ke nan. Ya bar mana 'yarsa Nana Aisha, mai shekara huɗu, wadda Malam yake kira amarya.

Mu uku muka rage a gidan. Muka cinye abin da ke rumbu, muka share ƙasansa da tsintsiya. Muka ci dusa, muka ci busasshen tafasa, muka ci ɓawon goruba. Na tona gidan tururuwa na ƙwace musu ajiyarsu, ni da na aurar da 'ya'ya. Abu ɗaya ne ba mu taɓa ba: damin iri da ke rataye a azarar ɗakin Malam. Hatsin zango ne, mai dogon kai, tun na kakansa, kowace shekara shi yake zaɓen kawunan da hannunsa. Na sha gaya masa ya fi son damin nan da ni, yakan ce ai shi damin ba ya mayar da magana.

Na ce ba mu taɓa ba, to ƙarya na yi. Da gashin Nana ya fara yin ja, ƙafafunta suka fara kumbura, ta daina bin kaji da gudu don ba kajin ba gudun, sai na fara sata. In Malam ya tafi masallaci nakan zare zangarniya ɗaya daga tsakiyar damin, in murje a tafin hannu, in niƙa a dutse don kada turmi ya tona mini asiri, in dama mata kunu rabin kofi. Ranar da ta sha takan buɗe ido ta yi magana. Ranar da ba ta sha ba sai kwanciya. Na auna da ido, abin da ke cikin damin zai kai tiya uku, a hannuna kuwa tiya uku ta fi wata guda na ran yarinyar nan.

Malam ya sani. Wata rana ya tsaya yana duban damin ya ce, "Ɓeran gidan ga ɗankwali gare shi."

Na ce, "Ɓeran jika gare shi."

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. A makon ne maƙwabcinmu Ɗanmaliki ya rasu. Da Malam ya dawo daga zaman makoki ya zauna a kan buzunsa ya ce, "Kin san wani abu? Yanzu duk garin ga gidan rasuwa kaɗai ake ɗora tukunya sau biyu." Gaskiya ya faɗa. Mutum zai hana maƙwabcinsa mai rai cokalin gari, amma kunya ba za ta bar shi ya je gaisuwar mutuwa hannu sake ba. Ni kaina sai da na ƙulla ɗan abin da na ƙwato wajen tururuwa na kai.

Ana haka labari ya zo cewa motar hatsin taimako za ta tsaya a Kankiya. An sha faɗin haka, amma mai jin yunwa ba ya gajiya da yarda. Na bar Nana wajen Malam, muka ɗunguma mu mata tara a ƙafa tun da asuba. Hanyar da a da babur ke cinyewa kafin ka gama gyara zama, ita muka yini muna ja. Gonaki dama da hagu fari fat, karan bara na nan tsaye gajere-gajere ba wanda ya damu ya sare. Ko tsuntsu ɗaya ban ji ba.

A Kankiya muka tarar da mutane sun cika fili, daga Kafinsoli, daga Yashe, daga ko'ina, kowa da buhunsa a naɗe a hammata. Muka kwana nan, muka yini. Mota ba ta zo ba. Ina zaune na haɗa kai da gwiwa sai na ji an ce, "Inna Tani?" Na ɗaga kai na ga Kamalu, malamin gona, wanda a da yakan zo Dudunni a kan babur yana koya wa mutane sa taki, Malam yana yi masa gardama. Ya rame har sai da na gane shi da murya.

Ya durƙusa muka gaisa, ya tambayi Baba Haladu, wato Malam. Na ce yana nan, yana gadin gawonsa. Sai fuskarsa ta canza.

"Inna, shina da sauran iri?"

Na waiga hagu da dama, don a wannan zamani ba a amsa irin wannan tambaya a cikin mutane. Ya rage murya.

"Ki hwaɗa mashi kada shi yi binne bana. Don Allah. Abin ga da kuke gani sama ba hadari ba ne, hayaƙin garuruwan da suka ƙone ne. Ya hau can sama da inda hadari ke tsayawa, ruwa bai kai gare shi balle shi wanke shi. Shi ya tare rana. Ita kau damina rana ke jawo ta, sai ƙasa ta yi zahi sannan iska ke ɗauko ruwa daga teku ta kawo mana. Ƙasa ba ta yi zahi ba, Inna. Ko an samu yayyahi, sanyin ga ba shi barin hatsi shi yi kai."

Na ce, "Har yaushe?"

Ya ce masana sun ce shekaru, wasu sun ce biyar, wasu goma. "In kuna da iri ku ci. Wanda ya rayu shi nemi wani."

Ban tsaya jiran sauran matan ba. Na kamo hanya da buhuna wayam, amma zuciyata da ɗan sauƙi, don yau ina da maganar malamin gona a bakina, ba tawa ba. Ina tafe ina shirya yadda zan jera masa ita. Har na ga kaina ina sauke damin nan da rana tsaka, ina daka shi a turmi kowa yana ji.

Da na shiga gida abin da na fara gani ƙaiƙayi ne a bakin turmi. Sai igiyar damin a yashe. Sai Malam zaune a ƙofar ɗakinsa da babbar ƙwarya a gabansa, hannayensa ja wur har wuyan hannu. Kusa da shi ga 'yar takardar maganin iri, jan garin nan da ake cuɗa iri da shi don kada tururuwa da tsuntsaye su ci. Tun kafin yaƙi ya saye shi ya ɓoye a gwangwani. Guba ce, kowa ya sani, ko akuya ta lasa sai an yanka ta.

Fuskarsa tana haske kamar an yi masa albishir. Ya ce, "Gawo ya kakkaɓe, Tani. Cikin kwana biyu, ko ganye guda bai bari ba. Ban taɓa ganin ya yi da sauri haka ba. Ruwan bana mai yawa ne."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Duka ka cuɗa?"

"Duka."

Na gaya masa maganar Kamalu, amma ba yadda na shirya ta ba, a birkice ta fito, da ihu. Ya ce yaron kirki ne Kamalu, sai dai a takarda ya san ruwa. Na ce to shamuwa fa, ka ga shamuwa ta zo? Ka ji iska ta juya? Ka ji zafin da ke sa mutum ya kasa barci? Ya ce shamuwa baƙuwa ce, tana iya ɓatan hanya, gawo kuwa ɗan gida ne, tun kakansa bai taɓa yi musu ƙarya ba, ko bara ai da ya kakkaɓe ruwa ya zo.

Na ce, "Maganin ga don tururuwa ka sa shi, ko don ɓera mai ɗankwali?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "In mun ci, wata guda ne. In ya hito, shekara ce."

"Nana ba ta da shekara, Malam. Watan gudan take nema."

Sai na faɗi abin da har yau yake ci na. Na ce ka kashe ta, kai da itacenka. Ya ɗago ya dube ni. Na tsane shi a ranar, tsana ta gaske, ba irin ta mata da miji da ke wucewa kafin tuwo ya nuna ba.

Duk da haka da safe na bi shi gona. Me zan yi? Irin ya riga ya zama guba, ƙasa kaɗai ke iya cinsa. Kuma shekara arba'in da ɗaya in ya sara ni ke rufewa, ƙafata ba ta san wani abu ba. Na goyo Nana, na kwantar da ita a gindin gawo cikin bargo. Yana sara yana hutawa, sara biyar hutu ɗaya, mutumin da a da sai na yi gudu nake cim masa. Da muka zo kusa da ita sai ta ɗago kai tana kallon hannuna.

Ta ce wa Malam, "Kaka, don mi kuke zubda abinci ƙasa?"

Malam ya dogara da sungumi ya ce, "Ba zubdawa ba ne, amarya, binne ne. Duk abin da aka binne, in ruwa ya sauka sai shi hito, ya hi da yawa."

Ta ce to, ta mayar da kai.

Kwana tara kullum da safe Malam yana fita ƙofar gida ya fuskanci gabas. Abin takaici, sararin kullum kamar hadari ne ya haɗu, baƙi ƙirin, ka ce yanzu za a kece. Ko ɗigo. Nana kuwa ruwan kuka nake ba ta da ɗan gishiri. Kumburin ya hau har gwiwa. Ta daina kuka, wanda duk uwa ta san ya fi kukan muni.

Rana ta goma na je gona neman ƙirare, don itacen girki ma ya zama abin nema. Na miƙa hannu na kama wani reshen gawon da ya sunkuyo, da niyyar in ja in ji ko akwai busasshe a jikinsa. Sai ya karye a hannuna, ƙas, reshe mai kaurin damtsena. Na tsaya ina kallonsa. Na kankare ɓawon da farce, babu kore. Na je jikin gindin na sara da lauje, na ƙara sara, ɓawon ya ɓamɓaro kamar busasshiyar laka, ƙarƙashinsa gara ce ta yi hanyoyi. Gawo ba kakkaɓewa ya yi ba. Mutuwa ya yi, sanyi da rashin rana sun kashe shi a tsaye, mu kuma muka ɗauki faɗuwar ganyensa albishir.

Na ɗauko reshen na taho da shi, ina tafe ina huci, na ce yau sai na buga wa Malam shi a gaba. Da na iso na gan shi zaune ya lulluɓa da tsohon bargo, wuyansa kamar na ɗan tsako, sai na kasa. Na ajiye masa a hankali. Ya ɗauka ya juya, ya sansana, ya sa haƙori ya ciza. 

Ya ce, "Kullum ina zuwa ina tambayar shi labarin ruwa. Ban taɓa duba lahiyar shi ba."

Ya tashi ya ɗauki ƙwarya da rariya ya fita. Na san inda za shi, na goyi Nana na bi shi.

Da yake ba ruwa ba iska, sawun diddigena na nan a kan kowane rami kamar jiya na taka. Muka durƙusa muna tonowa, rami ɗaya ɗan tsunkule ɗaya, mu zuba ƙasar a rariya mu tankaɗe. Maganin ya yi aikinsa, ko ƙwaya ɗaya tururuwa ba ta taɓa ba, suna nan jajaye. Yini biyu muka yi muna rarrafe a gonar da muka shuka a yini ɗaya, gwiwoyinmu suka sale. Abin da muka samu bai wuce gwangwanin madara biyu ba, sauran ya bi ƙasa.

Na wanke shi sau bakwai. Na jiƙa da ruwan toka, na sake wankewa. Na surfa na zubar da dusar, ni da nake lasar dusa. Ruwan farko ja, na uku kamar an wanke lalle, na bakwai fari tas. Na ce wa kaina ya fita. Na san ban sani ba, amma na ce ya fita. Na niƙa, na dama kunu bayan azahar. Ƙamshin hatsi ya cika gidan, Nana da ta yini ba ta motsa ba ta buɗe ido tana bin ƙwaryar da kallo. Na ɗebo a ludayi ina hurawa. Wallahi ba ta zan yi.

Malam ya riƙe mini wuyan hannu. Ya ce, "Ni na zuba, ni za ni hwara. In na kai la'asar lahiya, ki ba ta."

Ya karɓi ludayin ya shanye. Ya ɗebo na biyu. Na ce ɗaya ya isa a gane. Ya ce jikinsa ya fi nata girma, sai ya sha daidai jikinsa za a san gaskiya. Ya sha na uku, ya goge baki, ya koma kan buzunsa ya ɗauki carbi. Na rufe ƙwaryar da faifai na zauna a kanta kamar kaza. Nana tana miƙo hannu tana motsa baki ba murya, ni ina ce mata ya yi zafi, bari ya huce. Ba inuwar da zan duba in san lokaci, sai kunne na kasa ina jiran ladan. Ban taɓa ganin tsakanin azahar da la'asar ya yi tsawo haka ba.

Kafin a kira salla na ga goshinsa yana ƙyalli. Gumi ne. Rabon da in ga gumi a goshin mutum tun kafin yaƙi. Carbin yana rawa a hannunsa, yawu yana zubo masa yana sharewa da bakin bargo don kada in gani.

Ya ce, "Tani. Tahi ki binne shi. Da zurhi, kada wani shi tona."

Na ɗauki ƙwaryar na zaga bayan ɗaki, Nana tana kallona ina wucewa da ita. Na haƙa rami da lauje na juye kunun, na rufe, na taka da diddige don ƙafata ba ta san wani abu ba. Sannan na fita da gudu ina kiran mutane. Liman ya zo, maƙwabta suka zo. Aka nemi madara a ɗura masa, duk Dudunni babu. Mai kemis ya daɗe da rufewa. Malam ya ce in yafe masa, na ce na yafe, na ce shi ma ya yafe mini maganar da na faɗa, ban sani ba ko ya ji. Kafin magariba ya cika.

Da safe aka kai shi. Kafin masu jana'iza su dawo mata sun fara shigowa, kowace da ɗan ƙulli a bakin zane. Wannan cokali biyu na garin dawa, waccan tafin dusa, wata 'yan ƙwayoyin wake da ban san inda ta ɓoye su shekara biyu ba. Halimatu Sa'adiya, Bafulatanar da ta yi shekara ashirin tana kawo mana nono, ta taho a ƙafa tun daga rugarsu ta wajen Yashe da madarar akuyarta ta ƙarshe a ɗan kwano, ta ce, "Malam Haladu bai taɓa hana shanunmu karan gonar shi ba." Ina karɓa ina godiya, ina tambaya a raina. Ina kayan nan suke makon jiya? Sai na tuna ƙullin da na kai gidan Ɗanmaliki bayan ya mutu, alhali lokacin da yake da rai ban kai ba, na haɗiye fushina.

Aka ɗora tukunya sau biyu a gidanmu. Nana ta sha kunu da madara, kaɗan-kaɗan, kamar yadda Halimatu ta ce kada cikin ya firgita. Ranar sadakar uku ta tashi zaune da kanta. Na tattara abin da ya rage na ɓoye a tukunyar ƙasa, in na yi hankali zai kai mu wata guda, watakila da 'yan kwanaki.

Wata guda. Da na auna na ga haka sai maganarsa ta ranar makokin Ɗanmaliki ta faɗo mini, da ludayi ukun nan da na ce ɗaya ya isa. Na kori tunanin, ya dawo. Ban gaya wa liman ba, ban gaya wa kowa ba. Allah shi ya san abin da ke zuciyar bawansa. Ni dai abin da na gani da idona, mutum ne ya ɗanɗana wa jikarsa abinci, kuma shi zan faɗa ko a gaban wa. Amma ina jin haushinsa, ina kewarsa, kuma in na fita tsakar gida da safe har yanzu gabas nake fara dubawa.

Ranar bakwai, bayan mutane sun watse, na dama wa Nana kunu na miƙa mata. Ta riƙe kofin da hannu biyu, tana duban buzun da ke jingine a ƙofar ɗakinsa.

Ta ce, "Inna, ina Kaka?"

Ban iya yi wa yaro ƙarya a kan mutuwa ba. Na ce, "Kaka ya rasu, Nana. An binne shi."

 Sai ta ɗaga kai ta dubi sama, baƙi ƙirin kamar kullum, ta dawo da ido kaina.

"Tau in ruwa ya sauka sai shi hito?"

Na ce ta shanye kununta kafin ya huce.